Yadda ake gano matsala da gyara famfon ruwan daɗi a jirgin ruwa mai tafiya da iska

Ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, irin waɗanda ake kwana a cikinsu ana yawo a Bahar Rum ko Bahar Maliya, kusan dukkansu suna da tankin ruwan daɗi a ƙarƙashin kujeru ko ƙarƙashin daɓe, da ɗan famfon lantarki mai aiki da batir na volt 12 da ke tura ruwan zuwa kicin da banɗaki. A wannan bayani, idan na ce "famfo" ina nufin wannan ɗan injin, idan kuma na ce "kan famfo" ina nufin wurin da ake murɗawa ruwa ya zubo. Waɗanda aka fi samu a jirage su ne na kamfanonin Jabsco, Shurflo, Flojet, Whale da Johnson. Irinsu ne kuma wasu ke haɗawa da batirin sola a gida, don haka yawancin abin da ke ƙasa zai yi musu amfani su ma.

Aikinsa ba shi da wuyar fahimta. Moto yana juya wani faifai karkatacce, faifan yana motsa tantanin roba da masu gyara ke kira dayafaram, tantanin yana zuƙo ruwa ta wasu ƙananan bawul na roba ya tura shi ta wasu. A goshin famfon akwai makunnin matsi. Idan ka rufe kan famfo, matsi ya taru a tiyo, makunnin ya yanke wuta. Idan ka buɗe, matsi ya sauka, ya mayar da wuta. Famfon da aka saba sakawa yana ba da kamar lita 11 a minti, yana tsayawa a matsin da ke tsakanin psi 25 da 55 (psi ma'aunin matsi ne, irin wanda ake auna iskar taya da shi) gwargwadon samfurinsa. Ainihin adadin naka yana rubuce a takardar da ke manne a jikin moton. Ka ɗauki hotonta da waya tun yanzu, domin danshi yakan goge rubutun.

Abin da nake so mai koyo ya riƙe shi ne, sau da yawa famfon lafiyarsa ƙalau, laifin yana wajen wayar wuta ko tiyon zuƙa ko wani yoyo a ɓoye. Mutane da dama sun sayi sabon famfo sun ɗaura, matsalar tana nan inda take.

Kayan aiki

Mitar awon wuta, wadda ke auna volt da kuma ko waya ta tsinke. Sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, ƙaramar sifana ko soket na milimita 7 domin maɗauran tiyo, wuƙa mai kaifi, tocila ta goshi, bokiti, tsummoki, tsohon buroshin haƙori, da ɗan samfefa mai laushi. Sai gejin awon iskar taya da famfon keke. Ka nemi tiyo mai haske wanda ake ganin cikinsa, tsawon mita ɗaya, mai faɗin milimita 13, wato rabin inci, shi ne zai zama idonka wajen neman iska. A wasu jiragen Turai bututun milimita 15 ne mai shiga da turawa, sai ka nemi mahaɗin da ya dace da shi.

Kayan ajiya da bai kamata jirgi ya bar gaɓa babu su ba: fiyus mai lamba ɗaya da wanda ke ciki (galibi amfiya 10, amma bi abin da takardar famfonka ta ce), maɗauran tiyo na ƙarfen da ba ya tsatsa, zoben roba na murfin rariya, makunnin matsi, da kunshin gyara mai ɗauke da tantani da bawul na samfurin famfonka. Man shafawa kuma sai girishin silikon wanda aka yarda da shi wajen ruwan sha. Kada ka shafa basilin ko girishin mota, suna kumbura irin robar da ake yin waɗannan bawul da ita.

Idan babu mita, ƙwan fitila na volt 12 da wayoyi biyu zai nuna maka ko wuta na zuwa, sai dai ba zai gaya maka ko ta isa ba.

1. Saurari famfon kafin ka taɓa sukuru

Fara da abin da ake jin kunyar tambaya: akwai ruwa a tankin? Gejin tanki yakan maƙale, saboda haka buɗe murfin dubawa ka leƙa, ko ka zura sanda mai tsabta. Idan tankuna biyu ne, duba bawul ɗin zaɓin tanki. Wanda ya ƙare idan aka bar bawul ɗinsa a buɗe, famfo iska zai riƙa zuƙa daga can ko da ɗayan cike yake, domin iska ta fi ruwa sauƙin ja.

Sannan kunna makunnin famfo a allon wuta, buɗe kan famfo na kicin, ka kasa kunne. Idan shiru ne, je mataki na 2. Idan yana ta juyawa da sauti mai sauƙi da sauri, ruwa ba ya zuwa ko yana zuwa da tari da kumfa, je mataki na 3. Idan ruwa na zuwa daidai amma bayan ka rufe komai yakan yi "burr" na daƙiƙa ɗaya ko biyu lokaci-lokaci, je mataki na 4. Idan kuma yana tashi yana tsayawa da sauri-sauri yayin da ruwa ke zuba, mataki na 5 ne naka.

Kan famfo ɗaya tak ne ya yi rauni, sauran lafiya? Famfo ba shi da laifi. Kwance 'yar rariyar da ke bakin wannan kan famfon, za ka tarar da yashi ko farin dutsen ruwa. Jiƙa ta a ruwan binega na awa ɗaya, goge, mayar.

2. Idan famfo ya yi shiru

Taɓa jikin moton da bayan hannu. Idan da zafi sosai, wataƙila ya daɗe yana juyawa babu ruwa, na'urar kariyar zafi da ke cikinsa ta yanke wuta. Yawancinsu suna dawowa da kansu. Kashe shi, ba shi rabin awa ya huce, ka sake gwadawa, amma ka tuna dole ka gano abin da ya sa ya yi ta juyawar.

Idan da sanyi, auna batir. Batirin dalma, irin na mota, da ya cika kuma ya huta yana nuna volt 12.6 zuwa 12.7. Kusan 12.1 ya kai rabi. Duba bireka a allo, sannan nemi fiyus. Sau da yawa akwai wani fiyus na biyu a kan jar wayar, kusa da famfon, a ɓoye bayan katako, wanda mai jirgin ma bai san da shi ba. Idan ya ƙone, saka mai lamba irin tasa. Ya sake ƙonewa nan take? Kada ka ƙara lamba, kada kuma ka naɗa masa zaren waya kamar yadda ake yi a gida. Ko dai moton ya cije, ko waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Gobara a jirgi ba ta jiran kowa.

Yanzu auna wuta a bakin famfon, jar sandar mita a kan jar waya, baƙa a kan baƙa, kan famfo a buɗe. Nan ne masu koyo suke ruɗewa. Mita za ta iya nuna volt 12.5 alhali wayar ta ruɓe saura silli biyu, domin mita ba ta jan wuta. Awon da ke da amfani shi ne wanda aka yi lokacin da famfon ke ƙoƙarin tashi. Idan lambar ta faɗi ƙasa da 11 alhali batir yana nan a 12.5, wutar tana ɓacewa a hanya. Bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya, har da na baƙar waya, wadda aka fi mantawa da ita. Iskar teku tana cin tagulla, za ka ga koren gari a bakin mahaɗi, idan ka feƙe robar kuma ka tarar wayar ta yi baƙi a ciki. Yanke har sai ka iske tagulla mai sheƙi, saka sabon mahaɗi mai robar da ke tsukewa da zafi. Wayar da ta dace da jirgi ita ce tagullar da aka yi wa rufin kuza.

Kaurin waya ma yana da lissafi. Famfon da ke jan amfiya 8, yana nesa da allo da mita 5, wato mita 10 ke nan zuwa da dawowa, zai yi asarar kusan volt 0.9 a waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, kusan 0.6 a ta 2.5, kusan 0.35 a ta 4. Kada ka sauka ƙasa da 2.5.

Idan wuta tana isowa cikakkiya amma shiru, saura makunnin matsi ko moton. Kashe bireka, cire murfin makunnin, za ka ga wayoyi biyu a jikinsa. Zare su ka haɗa su da juna da guntun waya mai kauri, buɗe kan famfo, kunna bireka. Idan moton ya tashi, makunnin ne ya mutu, kuma shi ne ɓangaren da ya fi saurin mutuwa a famfon gaba ɗaya. Canja shi. Idan babu na ajiya, za ka iya barin wayoyin a haɗe ka riƙa kunnawa da kashewa da hannu daga allo, da sharaɗin kan famfo yana buɗe duk lokacin da famfon ke aiki. Ka gaya wa duk wanda ke cikin jirgin wannan sharaɗi, domin idan aka rufe kan famfo babu abin da zai tsayar da moton, sai tiyo ya fita ko fiyus ya ƙone.

Idan har da haɗin moton bai motsa ba, ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da ƙotar sukundireba. Ya tashi? Kabon ɗinsa ya cinye, kwanansa ya kusa ƙarewa. Bai tashi ba, ko yana gunji ba ya juyawa, boris ya cije da tsatsa. A irin waɗannan ƙananan famfuna gyaran moto ba ya biyan wahalarsa, sabo za a saya.

3. Idan yana juyawa amma ruwa ba ya zuwa, ko ya ƙi tsayawa

Wannan ita ce matsalar da aka fi kawowa, kuma kusan kullum tana tsakanin tanki da famfo. Famfon yana iya jawo ruwa da kansa daga zurfin da ya kusa mita biyu, amma ƙofar da ba ta fi bakin allura ba a ɓangaren zuƙa ta isa ta hana shi. Abin da ke wahalar da mutane shi ne wurin ba ya ɗigar da ruwa, iska yake shigarwa, don haka ido ba ya ganinsa.

Fara da rariyar da ke gab da bakin shigar famfon, 'yar kwalbar roba mai haske da ragar ƙarfe a ciki. Kashe wuta, rufe bawul ɗin tanki, shimfiɗa tsumma, murɗe murfin da hannu. Wanke ragar da buroshi. Ɗaga murfin ka haska shi da tocila ka nemi tsaga mai kamar gashi, sannan duba zoben roba, ko ya bushe, ko ya lanƙwashe, ko yashi ya hau kansa. Shafa masa silikon kaɗan, mayar, ɗaure da hannu kawai. Filaya ita ce ke fasa waɗannan murafan. Idan jirginka ba shi da wannan rariya, saka ta. Ƙwayar yashi ɗaya ko guntun robar da ya faɗa tanki lokacin huda shi ya isa ya tokare bawul.

Idan bai warke ba, yi gwajin bokiti, wanda ke raba gardama nan take. Cire tiyon tanki daga bakin shiga, saka tiyonka mai haske, tsoma ɗaya bakin a bokitin ruwa mai tsabta, buɗe kan famfo, kunna. Idan ya ja ruwan cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ya tura, ya kuma tsaya da ka rufe kan famfo, to famfonka lafiya yake, ka koma wajen tanki. Idan ya kasa ja daga bokitin da ke gefensa, matsalar tana cikinsa, je mataki na 6.

A wajen tanki abubuwa huɗu ake nema.

Na farko hancin tanki, wato siririn tiyon da ke shigar da iska yayin da ruwa ke raguwa, wanda bakinsa ke fita a gefen jirgi. Alamar toshewarsa ita ce ruwa ya fara zuwa da ƙarfi, ya yi ta raguwa har ya ɗauke, wani lokaci ka ji tankin ya yi "ɓam" yana lotsawa. Buɗe murfin zuba ruwa da ke saman jirgi. Idan ka ji ya shaƙi iska, ruwa kuma ya dawo, ka kama ɓarawon. A ƙasashe masu zafi zanzaro ne ya fi yin wannan aiki, yakan cika bakin da laka tsaf. Gishirin da ya daskare ma yana yi, haka ruwan da ya kwanta a inda tiyon ya yi ciki. Sakace bakin da waya, cire tiyon daga tanki ka hura.

Na biyu maɗauran tiyo. Ɗaure kowanne, ka canja duk wanda ya yi tsatsa. Tiyon da ya tsufa yana taurare ya daina kama bakin mahaɗi. Yanke santimita biyu daga bakinsa, tsoma sabon bakin a ruwan zafi ya yi laushi, tura, ɗaure. Domin gano inda iska ke shiga, sa tiyo mai haske a tsakanin layin da famfo, ka riƙa matsar da shi baya mahaɗi bayan mahaɗi. Inda kumfa ta daina bayyana, ka wuce wurin ɓarnar.

Na uku tiyon da ya lanƙwashe, ko mai laushin da ke mannewa idan famfo ya ja. A ɓangaren zuƙa tiyo mai zare a jikinsa ake sakawa.

Na huɗu bututun da ke cikin tankin kansa. Yakan tsage a sama kusa da murfi, sai famfo ya yi aiki idan tanki ya cika, ya kasa idan ya sauka. Akwai kuma abin da ya keɓanta da jirgi mai tafiya da iska: idan iska ta kwantar da shi gefe guda, ruwan tankin da ya yi ƙasa yana gangarawa gefe, bakin bututun ya fito sarari. Idan matsalarka tana zuwa ne kawai lokacin da jirgi ya karkata zuwa wani ɓangare, babu abin da ya lalace. Koma ɗaya tankin, ko ka jira jirgi ya daidaita.

Bayan kowane gyara sai an fitar da iska. Buɗe kan famfo mafi nisa, na sanyi tukuna, bar shi har tarin ya ƙare, sannan na zafi, wanda zai ɗauki lokaci domin sai tankin hita ya cika. Kada ka kunna wutar hita kafin ka ga ruwa na fita sosai ta kan famfon zafi, in ba haka ba ƙarfen dumama ruwan zai ƙone.

4. Idan yana tashi shi kaɗai

Matsi yana zurarewa ta wani wuri. Ko dai ruwa na fita daga layi, ko yana komawa baya ta cikin famfon zuwa tanki. Domin rarrabewa, rufe bawul ɗin da ke bayan famfo idan akwai, idan babu cire tiyon fita ka sa guntun tiyo da aka toshe bakinsa aka ɗaure. Kunna, zai yi daƙiƙa kaɗan ya tsaya. Jira minti goma sha biyar. Idan ya sake tashi, bawul ɗin cikinsa ne ba ya riƙewa, je mataki na 6. Idan ya yi tsit, yoyon yana cikin jirgi.

Nemansa na son haƙuri. Busar da ƙasan jirgi, inda ruwa ke taruwa, da soso. Naɗa takardar goge hannu a kowane mahaɗi, ka bar layin da matsi, ka dawo bayan rabin awa ka ga wadda ta jiƙe. Wuraren da suka fi laifi su ne bawul ɗin kariya na tankin hita, wanda ke ɗiga ta wani siririn tiyo kai tsaye zuwa ƙasan jirgi ba wanda ya gani, sai shawar da ke bayan jirgi wadda ake wanke gishiri da ita bayan iyo, sai mahaɗan ƙarƙashin wurin wanke kwanuka, musamman na ruwan zafi, domin zafi da sanyi suna sassauta su. Ka tura bakin tiyon bawul ɗin hita cikin kwalbar roba ka bar shi kwana. 'Yan ɗigo lokacin da ruwa ke dumama ba laifi ba ne, ruwa ne ke kumbura. Idan kwalbar na cika ko da hita a kashe, murɗa kan bawul ɗin sau biyu ko uku ya wanke dattin da ke bakinsa, idan bai daina ba a canja shi da mai lambar matsi irin tasa. Kada ka taɓa toshe shi.

Wannan "burr" na tsakar dare ba abin rainawa ba ne. Famfo ba ya bambanta kan famfo da tiyon da ya fita. Idan maɗauri ya saki kuna cikin tafiya, ƙarar ruwa da iska ta rufe sautinsa, famfon lita 11 a minti zai juye tankin lita 200 a ƙasan jirgi cikin ƙasa da minti 20. Saboda haka a kashe shi daga allo idan ana tafiya, idan za a kwanta, da duk lokacin da za a bar jirgi.

5. Idan yana tsalle-tsalle lokacin da ruwa ke zuba

Yawancin jirage suna da ɗan tulun matsi bayan famfo, mai ɗaukar kamar lita ɗaya, da tantanin roba a tsakiya, iska a gefe ɗaya ruwa a ɗayan. Shi ke sa famfo ya huta idan an buɗe ruwa kaɗan. A kansa akwai bawul irin na tayar mota. Kashe famfo, buɗe kan famfo har ruwa ya daina zuba, ka bar shi a buɗe, sannan ka auna. Wanda ya auna da matsi a layi, matsin ruwa ya auna, ba na iska ba. Iskar ta kasance ƙasa da matsin da famfon ke tashi da psi 2 zuwa 3. Idan yana tashi a 20, sa 17 ko 18. Famfon keke ya isa, bugu kaɗan-kaɗan kana aunawa, domin tulun ƙarami ne. Idan ka danna allurar bawul ɗin ruwa ya fito, tantanin ya fashe, sai sabon tulu.

Idan iskar daidai take, nemi abin da ke shaƙe hanya bayan famfo, galibi matacin gawayi da ya daɗe ba a canja ba. Wasu sabbin famfuna masu sauya gudu da kansu ba sa buƙatar tulu, ka duba takardar naka kafin ka ƙara masa. Sukurun da ke tsakiyar makunnin matsi kuma a bar shi sai an gama duba duk waɗannan. Idan dole ne, kwata-kwatan juyi ake yi, ana ƙirgawa domin a iya komawa.

6. Buɗe famfon

Kashe bireka, rufe bawul ɗin tanki, sauke matsi, cire tiyo biyun da wayoyi, fito da famfon gaba ɗaya zuwa tebur. Shimfiɗa farin tawul domin ƙananan sukurori kada su gangara ƙasan jirgi. Ja layi da alƙalami daga jikin moto zuwa gidan bawul domin ka san yadda za su koma, kuma ka ɗauki hoto a kowane mataki.

Kwance sukurorin da ke kewaye da gidan bawul, ɗaga shi a hankali. Za ka ga faranti mai ƙananan bawul na roba kamar lema, uku ko huɗu ko biyar gwargwadon ɗakunan famfon, da wani a tsakiya. Ɗaga gefen kowanne da farce. Sau da yawa abin da za ka tarar bai wuce gashi ɗaya ba, ko ƙwayar yashi, ko farin zaren tef na masu aikin famfo. Wanke da ruwan ɗumi. Ɗaga farantin sama ka duba ta haske, bawul mai lafiya yana kwance lumui, babu hasken da ke ratsa gefensa. Wanda bakinsa ya naɗe ko ya taurare ya gama aiki.

Tantanin kuma ka ja shi kaɗan ka nemi tsaga. Alamar fashewarsa tun kafin a buɗe ita ce ruwa na ɗiga daga tsakanin gidan bawul da moto. Idan ka ga haka kada ka jinkirta, ruwan boris yake nufa. Tunda ka riga ka buɗe, canja tantani da bawul tare. Wajen rufewa, kama dukkan sukurori da hannu tukuna, sannan ɗaure su a gicciye, wannan sai na gabansa, kaɗan-kaɗan. Cikin roba suke shiga, da ka ji sun zauna ka tsaya.

Idan babu kunshin gyara kuma bawul ɗin tsakiya ne ke mayar da ruwa baya, saka bawul mai hanya ɗaya a kan tiyo kusa da famfo, zai kai ka gaɓa. Idan famfon ya mutu gaba ɗaya, famfon ƙafa na kicin, irin na Whale, shi ne madogara, shi ya sa nake ganin kuskure ne a cire shi don an saka na lantarki. Idan shi ma babu, zura tiyo ta murfin dubawa ka zuƙo ruwa zuwa jarka.

Wajen mayarwa, kada ka naɗa tef a zaren bakin famfon, mahaɗansa an yi su ne su kama da kansu, tef ɗin kuma ƙarshensa cikin bawul. Idan a tsaye za a kafa shi, moto a sama, gidan bawul a ƙasa, domin ko ya yi yoyo ruwa ba zai gangara cikin moto ba. Kada ka matse ƙafafun robar har su baje, kuma ka sa tiyo mai laushi na aƙalla santimita 30 a kowane baki kafin bututu mai tauri. Waɗannan biyun su ne maganin yawancin ƙarar da ke hana mutane barci. Bi kibiyar da ke jikinsa wajen haɗa shiga da fita.

7. Wanke tanki da layi

Sau ɗaya a shekara, ko duk lokacin da ruwa ya fara wari ko ka ga yauƙi a rariya. Kashe hita, cire matacin gawayi. Ga kowace lita 100 ta tanki, auna mililita 100 na bilic, wato ruwan da ake wanke farin kaya da shi, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, ko mililita 140 idan mai kashi 3.5 ne. Bilic zalla, marar turare. Dama shi a bokitin ruwa kafin ka zuba, cika tankin, buɗe kowane kan famfo har ka ji warin bilic, rufe, bar famfo a kunne domin layi ya zauna cike. Ba shi awa 4, kada ya wuce kwana ɗaya. Juye duka, cika da ruwa mai kyau ka juye sau biyu. Idan tankin na alminiyom ne kada ka wuce awa 4 ɗin, ka kuma ɗauraye sosai, domin bilic yana cin alminiyom. Kada ka haɗa bilic da binega a tanki ɗaya, suna fitar da iska mai guba, kuma cikin jirgi wuri ne rufaffe. Bayan wankin sake buɗe rariya, dattin da ya saki duk can zai taru.

8. Kulawa tsakanin gyara da gyara

Kowane wata ka leƙa rariya, ka shafa hannu a ƙarƙashin famfon ka ji ko da danshi. Kowane wata shida ka auna iskar tulu, ka bi maɗaurai da sifana, ka duba mahaɗan waya. Lokacin da komai ke lafiya, ɗauki jarkar lita 5 ka ƙirga daƙiƙa nawa take cika a kan famfon kicin, ka rubuta a littafin jirgi. Ranar da ka ga lokacin ya ƙaru da rabi, ka san wani abu ya fara toshewa tun kafin ruwa ya ɗauke. Wajen cika tanki a tashar jirage, bar tiyon ya zubar na minti ɗaya ko biyu tukuna, ruwan da ya kwana a tiyo cikin rana ba na sha ba ne. Idan jirgin yana da bakin haɗa ruwan tasha kai tsaye, a sa masa na'urar rage matsi, a kuma cire tiyon duk lokacin da za a fita, domin idan wani mahaɗi ya saki, ruwan tasha ba ya ƙarewa kamar na tanki, yana iya nutsar da jirgi a inda yake ɗaure.

Jirgin da zai yi hunturu a inda ruwa ke daskarewa, kamar arewacin Turai ko Kanada, sai an fitar masa da ruwa duka, domin ƙanƙara tana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, tana fasa gidan bawul da murfin rariya. Juye tanki da hita, buɗe dukkan kawunan famfo, cire tiyo biyun daga famfon, kunna shi na 'yan daƙiƙoƙi ya tofar da abin da ya rage a kan tsumma. Idan za a zuba maganin hana daskarewa, sai wanda aka yi domin layin ruwan sha, mai sinadarin furofilin gilaikol, galibi ruwan hoda. Na lagireton mota mai etilin gilaikol guba ne mai kisa, ko kusa da tankin sha kada ya zo. Idan hunturu ya wuce, a ɗauraye layin, a yi wankin mataki na 7, sannan a mayar da sabon matacin gawayi.